BABI NA UKU: TARIHIN IZININ GINI DA DUBA GINE-GINE A KUDANCIN KOGIN KADUNA

3.0 Gabatarwa

Babin da ya gabata ya yi bayani a kan yanayin ƙasar Kaduna da al'ummomin da ke zaune a cikinta. Wannan babi kuwa zai bi diddigin tarihin izinin gini da aikin duba gine-gine a ɓangaren birnin da ke kudu da kogi, tun daga kafuwar garin har zuwa shekarar 2023. Abin da ake nufi da kudancin kogi a nan shi ne unguwannin Maƙera da Kakuri da Barnawa da Talbijin da Narayi da Nasarawa da Tirkaniya da Kudandan da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora da Kamazo da makamantansu. Ya kamata a bambanta wannan yanki da Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, domin ita ta haɗa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badikko, waɗanda duk suna arewa da kogi, alhali kuwa yawancin sababbin unguwannin da ke kudu da kogin suna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun ne.

Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa yankin da aka zuba wa manyan masana'antun Arewa, a cikin birnin da aka yi wa cikakken tsari tun 1967, ya wayi gari da ɗimbin gidajen da aka gina ba tare da izinin hukuma ba? Amsar da aka fi ji a bakin jama'a ita ce taurin kan masu gini ko kuma sakacin ma'aikata. Za a nuna cewa matsalar ta girmi waɗannan dalilai biyu, kuma tushenta yana cikin yadda ake samun fili a wannan yanki.

3.1 Ma'anar Izinin Gini da Matakansa

Izinin gini takarda ce da hukumar tsara birni ke ba wanda ke son ya yi sabon gini, ko ya ƙara wa tsoho, ko ya sauya amfanin da ake yi da shi, alal misali ya mayar da gidan kwana makaranta ko otal. Kafin a ba da ita, ana bukatar mai gini ya gabatar da shaidar mallakar filin, da taswirar safiyo mai nuna iyakokinsa, da zanen ginin wanda ƙwararre mai rajista ya sa wa hannu. Idan bene ne, sai an haɗa da lissafin injiniya game da rodi da ginshiƙai da kauri da zurfin harsashi. Daga nan sai ma'aikata su je su ga filin da idonsu, su tabbatar ba a kan hanya yake ba, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko gefen layin dogo. Su kuma duba tazarar da aka bari tsakanin gini da titi, da tsakanin masai da rijiya, da yawan tagogi saboda iska da haske.

Samun takardar ba shi ne ƙarshen aiki ba. A ƙa'ida, mai duba gini zai dawo a matakai daban-daban: lokacin da aka ja igiya aka fitar da gini, da lokacin haƙa harsashi, da lokacin zuba linta ko dakin, da lokacin rufi. Bayan an gama ne ake ba da shaidar cewa ginin ya cancanci a shiga. Idan aka sami saɓani, hukuma kan fara da umurnin dakatar da aiki, sannan takardar gargaɗi, sannan sanarwar rusau. Abin lura a nan shi ne, matakin farko cikin dukkan waɗannan matakai shi ne shaidar mallakar fili. Wanda ba shi da ita, ƙofar ta rufe masa tun kafin a buɗe zanensa.

3.2 Zamanin Turawa: Doka a Bariki, Al'ada a Ƙauye

Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da kuma layin dogon da ya ratsa shi ya kai Kano a 1911. Sojoji suka fara tarewa daga Zungeru wajen 1913, sannan a 1917 aka mayar da hedikwatar lardunan Arewa can. Kafin wannan lokaci, ƙasar ta ƙunshi ƙauyukan Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, tare da wasu ƙauyukan Hausawa da rugagen Fulani, duk a ƙarƙashin masarautar Zazzau.

A shekarar 1917 ɗin ce aka kafa dokar garuruwan bariki, wadda ta kasa su aji uku. Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, Kaduna kuwa tana aji na biyu. Dokar ta ba jami'in da ke riƙe da gari ikon tsara fulotai, da ƙayyade irin kayan da za a yi gini da su, da rushe abin da aka gina ba da saninsa ba. Manufar wannan doka ba kyautata gidajen talakawa ba ce. Tun bayan da Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka nace a kan a nisanta gidajen Turawa daga na 'yan ƙasa. Saboda haka aka ƙa'ide a bar fili mai faɗin yadi 440, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. A wannan shekara kuma aka kafa dokar lafiyar jama'a, wadda a ƙarƙashinta ma'aikatan da Hausawa suka laƙaba wa suna duba-gari suke shiga gida-gida suna leƙa randuna da masai da kwatami. Ana iya cewa duba-gari shi ne mai duba gini na farko da talakan Kaduna ya sani, kuma ya san shi ne ta fuskar tara da sammaci.

Gidan gwamna da ofisoshi da barikokin soja da unguwar Turawa duk an kafa su ne arewa da kogi. Abin da kudu ta samu shi ne reluwe. A nan aka yi babbar tashar mahaɗa, wadda ta ƙara muhimmanci a 1927 lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso. Hukumar jiragen ƙasa ta gina wa ma'aikatanta gidaje a kan filinta bisa nata tsari. Amma leburori da 'yan dako da masu sayar da abinci da suka biyo jirgi, sai suka sauka a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da tasha, musamman Maƙera da Kakuri. Waɗannan ƙauyuka suna ƙarƙashin En'en Zazzau, inda baƙo kan je wurin mai unguwa ko dagaci ya gaishe shi, a nuna masa wuri, ya kafa bukka ko ya ja katangar ƙasa. Ba a tambayarsa zane, ba kuma mai zuwa duba harsashi.

Ke nan tun farko hanyoyi biyu na yin gini suka kafu a gari ɗaya. A cikin bariki akwai safiyo da fuloti da takarda, a bayan iyakarsa kuma akwai yardar mai unguwa da shaidar maƙwabta. Dokar tsara birane da karkara ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932, ta ba gwamna ikon ayyana kowane wuri a matsayin yankin tsarawa tare da naɗa masa hukuma. Sai dai dokar ba ta aiki da kanta sai inda aka ayyana, kuma ba ta kawar da wancan rabuwa ba.

3.3 Masaƙu da Tsarin Max Lock, 1956 zuwa 1970

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta cire Kaduna daga lardin Zazzau, ta mayar da ita Yankin Babban Birni a ƙarƙashin Kantoma. Wannan ya shigo da ƙauyukan da ke dab da kogi ta kudu cikin iko ɗaya da sauran gari. Shekara guda bayan haka, a 1957, aka buɗe Masaƙar Kaduna, wato KTL, a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin 'yan shekaru wasu masaƙun suka biyo baya, kamar Nortex da Arewa da UNTL. Kamfanin giya na Nijeriya ya buɗe reshensa a 1963, aka kuma kafa masana'antar ƙera makaman soja a 1964, duk a wannan yanki.

Filayen masana'antun an auna su, an ba su takardu, gine-ginensu kuma injiniyoyi ne suka tsara. Abin da ba a tanada daidai da bukata ba shi ne wurin kwanan ma'aikata. Dubban matasa suka kwararo daga kudancin lardin Zazzau da lardunan Binuwai da Filato da Kabba da sauran sassan ƙasa, kowa yana neman ɗakin da zai iya zuwa aiki da ƙafa ko a keke, domin masaƙa dare da rana take aiki. Masu filaye a Maƙera da Kakuri da Nasarawa suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka shiga jera ɗakunan haya na ƙasa da rufin kwano, layi biyu suna fuskantar juna, masai ɗaya da wurin wanka ɗaya ga gida duka. Duk wanda ya tara ɗan kuɗi sai ya ƙara ɗaki a tsakar gida ko a bakin hanya. Ƙidayar 1963 ta nuna mutanen Kaduna sun kai kimanin dubu 150.

A wannan hali ne gwamnatin Arewa ta gayyato masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, shi da abokan aikinsa. Suka yi binciken gari a tsakiyar shekarun 1960, suka fitar da rahoto a 1967 wanda ya waiwayi shekaru hamsin na baya, ya kuma hango hamsin na gaba, wato har zuwa 2017. Aikin ya ƙunshi ƙidayar gidaje da zirga-zirga da sana'o'i, tare da shawarwari a kan inda ya dace a yi masana'antu da gidaje da hanyoyi. Sai dai rahoton ya fito a mummunan lokaci. A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya rushe jihohin da, ya ƙirƙiro goma sha biyu, a watan Yuli kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnatin da ta ba da aikin ta gushe, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya a ƙarƙashin Abba Kyari, ma'aikatan tsohuwar gwamnati kuma aka rarraba su zuwa sababbin jihohi shida. Tsarin da aka yi wa babban birnin Arewa baki ɗaya sai ya faɗa hannun jiha guda mai ƙarancin kuɗi da ƙarancin ƙwararru.

3.4 Hukumar Raya Birni da Dokar Ƙasa ta 1978

Bayan yaƙi, a farkon shekarun 1970, aka kafa Hukumar Raya Babban Birnin Kaduna, wadda aka fi sani da KCDB, aka ɗora mata nauyin aiwatar da tsarin gari da ba da izinin gini. Ita ce daga baya aka faɗaɗa ikonta zuwa sauran biranen jiha, ta rikiɗe ta zama hukumar da ake kira KASUPDA. A wannan zamani na kuɗin man fetur an yi ayyuka masu tsari a kudancin kogi. An yanka fulotai a Barnawa, an gina rukunin gidaje a can da Narayi, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, sannan aka buɗe matatar mai a kan hanyar Kachiya a 1980. A wuraren da gwamnati ta yanka da kanta, tsarin izini ya yi aiki gwargwado, domin mai fuloti yana da takarda, titi kuma an riga an fitar da shi. Har yanzu ana iya ganin bambancin faɗin tituna tsakanin waɗannan wurare da unguwannin da ke jikinsu.

Amma fulotan gwamnati ba su wadatar ba, kuma manyan ma'aikata da hafsoshi da 'yan kasuwa ne suka fi samu. Matatar mai ta ja gari zuwa kudu maso gabas, inda Sabon Tasha da Unguwar Boro da Mararrabar Rido suka cika da sababbin baƙi. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar soja mai lamba 6 ta 1978 game da amfani da ƙasa. Ga Arewa, ainihin manufar dokar ba sabuwa ba ce, domin tun dokar 1910 da ta 1962 ƙasa tana hannun gwamnati ne a matsayin amana. Sai dai dokar 1978 ta zo da wasu tanade-tanade da suka shafi gefen birni kai tsaye. Na farko, ƙasar cikin birni tana hannun gwamna, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a kanta. Na biyu, ba a sayar da fili ko jinginar da shi sai da amincewar hukuma. Na uku, wanda ke da filin da bai gina ba a cikin birni, rabin hekta kawai doka ta bar masa. Na huɗu, idan gwamnati ta karɓi gona saboda amfanin jama'a, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini take biya, ba kuɗin ƙasar ba.

Idan aka dubi waɗannan tanade-tanade da idon manomin Gbagyi wanda gari ya iso bakin gonarsa, za a gane abin da ya biyo baya. Idan ya jira gwamnati, diyyar dawa da mangwaro zai samu. Idan kuwa ya riga ta, ya kira dillali aka yanka gonar da igiya, zai sayar da fuloti-fuloti a kan farashin kasuwa. Wannan shi ne abin da ake kira awon igiya, kishiyar awon gwamnati. Mai saye yakan karɓi takardar ciniki mai sa hannun mai gona da shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Takardar tana da ƙarfi a idon jama'a, amma ba ita ce hukumar tsara birni ke nema ba. Daɗin daɗawa, mai saye ya san filin da ba a gina ba yana iya salwanta, ko dai a sake sayar wa wani ko gwamnati ta karɓe, saboda haka yakan gaggauta zuba harsashi ko da ɗaki ɗaya ne. Dillali kuma, da yake la'adarsa tana bin yawan fulotai ne, ba ya barin wurin makaranta ko asibiti ko lambatu, hanya ma sai 'yar siririya. Ta haka dokar da aka yi domin sauƙaƙa wa gwamnati tsara gari ta zama dalilin hanzarta ginin da ba shi da izini.

3.5 Dokar 1992 da Yawaitar Masu Iko

Ta fuskar rubutacciyar doka an sami ci gaba. An kafa majalisar rajistar masu zanen gini a 1969, ta injiniyoyi a 1970, ta masu tsara birane a 1988, ta magina kuma a 1989. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 88, wadda ta maye gurbin dokar 1946. Wannan doka ta wajabta neman izini a kan kowa, har da ma'aikatun gwamnati. Ta hana a riƙe takardar mai nema fiye da wata uku, ta sa wa izini wa'adin shekara biyu, ta kuma bukaci rahoton tasirin aiki a kan muhalli ga masana'anta, da filin gidaje da ya wuce hekta biyu, da ginin ofis da ya wuce hawa huɗu. Har ila yau ta jera matakan gargaɗi da ya kamata a bi kafin rusau. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A 2006 kuma aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, wanda aiki da shi ya rataya a kan kowace jiha ta mayar da shi dokarta.

A ƙasa kuwa al'amari ya ƙara cakuɗewa. A 1991 aka raba Ƙaramar Hukumar Kaduna gida biyu, ta Kudu ta sami hedikwata a Maƙera. Ita kuma Chikun, wadda hedikwatarta ke Kujama, a takarda ƙaramar hukumar karkara ce, amma a zahiri ita ke ɗauke da unguwannin da suka fi saurin girma. Mai son gini a Unguwar Romi ko Gonin Gora sai ya sami kansa tsakanin masu iko huɗu: mai unguwa da hakimi, da sashen filaye na ƙaramar hukuma, da ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiha, da kuma KASUPDA. Kowannensu yana da takardarsa da kuɗinsa, kuma takardar wani ba lalle ta gamsar da wani ba. Bugu da ƙari, tsarin tsuke bakin aljihu da aka shiga a 1986 ya karya darajar naira, siminti da rodi da kwano suka yi tsada. Ma'aikacin da ke gina gidansa bulo ɗari yau, ɗari biyu bayan wata uku, na tsawon shekara bakwai ko goma, ba zai iya aiki da izinin da ke mutuwa bayan shekara biyu ba. Birkila shi ne mai zanensa, shi ne injiniyansa.

3.6 Rikici, Ƙaura da Ambaliya, 2000 zuwa 2015

Babu abin da ya sauya fuskar kudancin kogi cikin gaggawa kamar rikice-rikicen addini. Rikicin da ya biyo bayan muhawarar shari'a a watannin Fabrairu da Mayu na 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun sa jama'a sun rabu bisa addini. Kiristoci da dama suka bar unguwannin arewa suka ƙetaro kudu, Musulmi da dama kuma suka bar kudu suka koma Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwannin arewa. Wasu musayar gida suka yi, wasu suka sayar a kan araha. Wanda ya tsere da iyalinsa daga wuta ba ya jiran ofis ya duba zane. Gonakin da ke bayan Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora suka zama gidaje cikin 'yan shekaru. Ƙidayar 2006 ta ba Kaduna ta Kudu mutum fiye da dubu 400, Chikun kuma fiye da dubu 360. Sabuwar hanyar da aka sa wa sunan Gwamna Patrick Yakowa, wadda ta ƙetare kogi ta gabas ta haɗe da hanyar Kachiya, ta ƙara buɗe wuraren Karji da Janruwa da Kamazo.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma masaƙu suka durƙushe. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Tsofaffin ma'aikata da masu gidajen haya suka shiga fasa katangar gaba suna fitar da shaguna, wasu gidajen suka koma makarantu masu zaman kansu ko wuraren ibada ko mashaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauyin amfani ne da doka ta ce sai da izini.

Illar gini ba bisa ƙa'ida ba ta fito fili a shekarar 2003, lokacin da Kogin Kaduna ya yi ambaliya ya mamaye gidajen da ke gaɓarsa ta ɓangarorin biyu, ciki har da sassan Barnawa da Nasarawa. Aka sake ganin irin haka a 2012. Fadamar da a da ake noman rake da kayan lambu a cikinta, wadda ke shanye ruwa idan kogi ya kawo, an cike ta da ƙasa an yi gini, saboda fulotin bakin rafi ya fi araha. Ya kamata a lura cewa ba talakawa kaɗai suka yi gini a hanyar ruwa ba, akwai manyan gidaje a cikin waɗanda ruwan ya ci. A 2010 kamfanin da ya gaji sunan Max Lock ya sabunta tsarin birnin, tare da hange har zuwa 2050.

3.7 Zamanin Rajista da Rusau, 2015 zuwa 2023

Gwamna Nasir El-Rufa'i ya hau mulki a 2015 da sunan da ya yi wajen rusau lokacin da yake ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007. Gwamnatinsa ta tunkari matsalar ta fuska biyu. Ta fuskar fili, a ƙarshen 2015 aka kafa hukumar KADGIS, wadda ta karɓi aikin ma'aikatar ƙasa, ta mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, ta kuma buɗe ƙofar sabunta tsofaffin takardu da halatta filayen awon igiya. Wannan mataki ya taɓa tushen matsalar da aka bayyana a sashe na 3.4, domin ya amince cewa sai an warware zancen mallaka kafin zancen izini. Rahoton Bankin Duniya na 2018 a kan sauƙin kasuwanci a jihohin Nijeriya ya sa Kaduna a gaba wajen rajistar kadara. Ta fuska ta biyu kuwa, KASUPDA ta tsananta shafa jan fenti da rusau, musamman bayan ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019. A 2021 aka sake kafa hukuma guda mai kula da yankin babban birni, wadda ta haɗa Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Chikun da Igabi, abin da ya yi kama da matakin 1956.

Misalai biyu daga kudancin kogi sun isa su nuna inda gizo ke saƙa. Na farko shi ne unguwar Gbagyi Villa da ke kusa da Sabon Tasha. A 2016 gwamnati ta bayyana cewa an gina unguwar a kan filin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ba da takardar mallaka ko izinin gini ba. Mazauna wurin suka ce sun sayi filayensu daga 'yan asalin ƙasa, cewa gwamnatin da ta gabata ta sasanta iyaka tsakaninsu da kwalejin har aka ja katanga, kuma wasunsu suna riƙe da takardun hukuma. Maganar ta kai kotu, ta ɗauki shekaru, sannan a watan Mayu 2023, ana saura kwanaki gwamnatin ta sauka, motocin rusau suka shiga unguwar. Ko wane ɓangare ne ke da gaskiya, tambayar da ta shafi wannan nazari ita ce: ina masu duba gini suke lokacin da ake haƙa harsashin gida na farko da na ɗari? Unguwa ba ta tsirowa a dare ɗaya.

Misali na biyu shi ne wani gidan cin abinci da shaƙatawa a Sabon Tasha da aka rushe ranar 31 ga Disamba 2020. Sanarwar farko da ta fito daga hukumar ta danganta rusau ɗin da wani taron baɗala da aka tallata cewa za a yi a wurin, zargin da masu gidan suka musanta. Bayan an yi ta suka, sai hukumar ta ce ainihin dalilin shi ne ginin ba shi da takardar fili ko izini. Darasin da ke cikin wannan shi ne, a wurin da gine-gine marasa izini suka yi yawa, kusan kowa mai laifi ne a takarda, saboda haka zaɓen wanda za a rushe wa yana hannun mai iko. A gari irin Kaduna, wanda kogi ya zama iyakar addini a zukatan mutane, duk rusau ɗin da aka yi a ɓangare ɗaya akan auna shi da abin da aka yi ko aka bari a ɗaya ɓangaren. Hakan yana rage wa doka kwarjini ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

3.8 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa izinin gini ya shigo Kaduna ne a matsayin dokar bariki, yayin da kudancin kogi ya tashi a bisa al'adar neman wuri a hannun mai unguwa. Reluwe a 1927, da masaƙu daga 1957, da matatar mai a 1980, da rikice-rikice daga 2000, kowannensu ya kawo jama'a da saurin da ya fi na safiyon gwamnati. Da yake izini ya rataya a kan takardar fili, takardar kuma ba ta samuwa ga mai awon igiya sai da wahala, sai aikin duba gini ya tashi daga matakin harsashi ya koma matakin rusau. Masu iya magana kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran da ake yi wa gini yana kan takarda bai wuce gogewa da sake zane ba, amma wanda ake yi bayan an yi rufi yana cinye abin da iyali suka tara shekara da shekaru, ga kuma gaba da yake haifarwa tsakanin jama'a da hukuma. Babi na huɗu zai duba yadda ake neman izinin a aikace a Barnawa da Sabon Tasha da Gonin Gora, domin a kwatanta unguwar awon gwamnati da ta awon igiya.